Shekaru bakwai da na dunƙule a layi ɗaya

An yi rabon ne ba na nan. A gidan rediyon da nake aiki muna da wani shiri na rabin awa, duk mako mu ɗauko tsohon ɗan ƙwallo ɗaya mu bi rayuwarsa ta fili tun daga fari har ranar da ya rataye takalmi. Da aka zo zangon tsofaffin kyaftin na ƙungiyoyi, sai aka zauna rabon sunaye ranar da na makara. Ko da na shigo an yi awon gaba da Gerrard, an ɗauke Puyol, su Maldini da Totti da Roy Keane duk sun sami iyayen gida. Sunan da ya rage a jikin allo shi ne Javier Zanetti na Inter Milan.

Ban yi murna ba. Mai aikin rediyo ya fi son ɗan wasan da ke da abin ihu: ƙwallon da aka zabga daga tsakiyar fili, cacar baki da koci, jan kati a wasan ƙarshe. Zanetti kuwa, iyakar abin da na sani a kansa shi ne ya daɗe, kuma ko ana ruwan sama sumarsa ba ta hargitsewa. Mutumin da ya buga wa ƙungiya ɗaya wasa 858 amma ƙwallo 21 kacal ya ci, da me za ka sa mai sauraro ya tashi zaune?

Cikin kwana biyu na gama rubutun, don farkon labarin da kansa yake tafiya. An haife shi a 1973 a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, ya tashi a Dock Sud, unguwar ma'aikata da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Independiente, ƙungiyar da yake so tun yana yaro, ta sallame shi daga rukunin yara saboda ƙanƙantar jiki. Ya koma taya mahaifinsa aikin gini, da asuba kuma yana raba madara gida-gida. Daga baya Talleres ta ɗauke shi, ya wuce Banfield a 1993, sannan a 1995 ya sauka Italiya cikin 'yan wasan farko da Massimo Moratti ya saya bayan ya karɓi ragamar Inter. Tare suka zo da wani ɗan ƙasarsu, Sebastián Rambert, ɗan wasan gaba, kuma shi aka fi zuba wa ido a lokacin. Rambert bai kai ko'ina ba. Zanetti ya yi shekara 19.

Na kawo 1998 da daɗinta. A wasan ƙarshe na Kofin UEFA da aka yi a Paris, Inter ta lallasa Lazio da ci 3-0: Zamorano ya buɗe, Zanetti ya ɗirka ta biyu daga wajen da'ira, Ronaldo na Birazil ya rufe. A daren ne ma aka ba Taribo West jan kati. Bayan 'yan makonni, a Gasar Kofin Duniya ta Faransa, Zanetti ya farke wa Ajantina ƙwallo a ragar Ingila da wata dabara ta bugun tazara, aka tafi hutun rabin lokaci 2-2. Daga nan sai na rubuta layi ɗaya: "Bayan wasu shekaru na rashin sa'a, sai rana ta fito wa Inter." Na yi tsalle na dira a kan kofuna.

Editanmu dattijo ne da ya yi aikin nan tun zamanin da ake yanka kaset da reza. Ya karanta takardun a tsaye, ya ciro biro ya zagaye wannan layin, ya ɗago kai.

"Shekara nawa ka zuba a nan ciki?"

Na lissafa da yatsu. Daga Mayun 1998 zuwa Kofin Italiya na 2005. "Bakwai, Malam."

"Wasa nawa ya buga a cikinsu?"

Na yi shiru.

"To kai ka rubuta tarihin kofi, ba tarihin mutum ba. Je ka kallo su."

Wasannin sun haura ɗari uku. Ban same su duka ba, amma na sami masu yawa a intanet, wasu hotonsu ya dushe har ba ka gane fuska sai dai lambar riga. Na yi kusan wata guda ina bin lamba 4 da ido, dare bayan dare, kuma abin da na tarar a cikin layin nan nawa ya fi ƙarfin a kira shi rashin sa'a.

A kakar 1998-99 kaɗai koci huɗu Inter ta yi: Simoni, Lucescu, Castellini, Hodgson. Ta ƙare ta takwas. Aka kawo Marcello Lippi da sunansa da komai. Gwiwar Ronaldo ta lalace a Nuwamban 1999, ya yi jinya, ya dawo a Afrilun 2000, bai yi minti goma a fili ba ta sake tsinkewa. A Agustan shekarar wata ƙungiya daga Sweden, Helsingborg, ta hana Inter shiga gasar Zakarun Turai tun a wasan share fage, kuma bayan wasan farko na Serie A, babbar gasar Italiya, aka sallami Lippi. A Mayun 2001 AC Milan ta yi musu 6-0 a wasan hamayya, a filin da su biyun suke kira gida. A cikin wannan hargitsi ne kambun kyaftin ya tabbata a hannun Zanetti. Ba gadon sarauta aka ba shi ba, gida mai yoyo aka damƙa masa da damina.

Sai ranar 5 ga Mayun 2002. Duk wanda ya san Inter ya san wannan rana, ba sai an faɗi shekara ba. Sun wayi gari a saman teburi, wasa ɗaya ya rage, da Lazio a birnin Rum. Rabon Inter da kofin Serie A tun 1989. Hatta magoya bayan Lazio da yawa so suke Inter ta ci, don kada kofin ya faɗa hannun Roma, abokiyar gabarsu. Sau biyu Inter tana shiga gaba, ta hannun Vieri da Di Biagio, sau biyu Poborský yana farkewa. Bayan hutu Diego Simeone, tsohon ɗan Inter, ya ci ta uku, Simone Inzaghi ya ƙara ta huɗu. Aka tashi 4-2. Juventus ta ɗauke kofi, Inter ta gangaro ta uku. Hoton da duniya ta riƙe na ranar shi ne Ronaldo a benci yana kuka. Kafin a fara sabuwar kaka ya tafi Real Madrid.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2003 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai, suka haɗu da Milan. An yi 0-0, an yi 1-1, Obafemi Martins yana ɗan matashi shi ya ci wa Inter tata, amma aka fitar da su da dokar ƙwallon waje, alhali fili ɗaya aka buga wasannin biyu. A 2005 suka sake haɗuwa, aka tsayar da wasan saboda magoya bayan Inter sun yi ruwan wuta a fili har ɗaya ta sami golan Milan, Dida.

Duk wannan na haɗiye shi a kalma shida.

Abin da ya riƙe ni a gaban kwamfuta ba jerin masifun ba ne, yadda lamba 4 yake wasa a cikinsu ne. Idan ya karɓi ƙwallo yakan ɗan sunkuya, ya sa jikinsa tsakanin ƙwallon da mai son ƙwacewa, ya ja ta ya yi ta tafiya. A bangaje shi bai faɗi ba, a riƙe masa riga bai tsaya neman alƙalin wasa ba. Idan aka ƙwace a gaba, kafin ka ankara ya dawo mazauninsa. Ana kiransa El Tractor, wato tarakta, kuma da ina ɗauka yabon ƙarfi ne kawai. Da na daɗe ina kallo sai na ga sunan ya dace ta wata fuskar: tarakta ba ta bambanta kunyar farko da ta ɗari. Na riƙa yi wa kaina wani gwaji, in rufe gefen allon da ake rubuta sakamako, in kalle shi na minti biyar, in ce ko zan iya gane suna gaba ne ko suna baya. A fuskar sauran 'yan wasa kana ganewa: kafaɗa ta sauka, ana ɗaga wa juna hannu, mai tsaron baya ya daina bin mutuminsa. A jikinsa ban taɓa ganewa ba.

Nan ne abin ya fara taɓa ni, don ni ma'aikacin ranar biki ne. Idan wasan ƙarshe ne ko Gasar Kofin Duniya, nakan kwana ina shiri, in haddace sunan kowa har da 'yan benci. Amma Litinin ɗin da ba kowa, wadda za a karanta sakamakon ƙarshen mako kawai, sai in shigo saura minti goma in kwafo abin da na gani. Akwai ranar da na karanta sakamakon wani wasa a juye, na ba wanda aka ci nasara, saboda daga shafin wani na ɗauko a Facebook ban duba ba. Masu sauraro suka yi ta kira. Na mayar da abin raha, na ce ai ƙaramin wasa ne. Yanzu da na zauna na yi lissafi, manyan ranakun da nake ji da su ba su kai goma ba a shekara. Sauran duk irin Litinin ɗin nan ce. Ashe ni ma na dunƙule mafi yawan aikina a layi ɗaya.

Na leƙa dokokin wasa don in ga me aka ce game da kyaftin, na yi mamakin ƙarancinsa. Doka ta 3 ta nuna cewa ba shi da wani matsayi na musamman ko gata, illa dai yana ɗauke da wani kaso na alhakin ɗabi'ar 'yan wasansa. A aikace shi ke zuwa jefa kwabo kafin a take wasa, shi ke fara ɗaga kofi idan an samu. Sai a 'yan shekarun nan ne aka fara cewa shi kaɗai zai tunkari alƙalin wasa a kan babban hukunci. Ba ya zaɓen 'yan wasa, ba ya biyan albashi, ba ya iya korar kowa. Ke nan wanda aka ɗaura wa ƙyallen nan ba shi da sanda a hannu. Idan zai ce wa wani ya koma baya ya tare, abin da zai sa a ji maganarsa shi ne kowa ya ga shi ya riga komawa. A ƙungiyar da ake canza koci kamar riga, ana kawo taurari ana sayarwa, wanda yake nan jiya yake nan yau shi ne ma'aunin da sabon zuwa zai duba ya san yadda ake yi a gidan.

Ina tsakiyar wannan aiki editanmu ya kira ni ofis. Akwai wani yaro da bai daɗe da zuwa ba, ya yi mana aikin koyo, aka riƙe shi.

"Daga wannan zangon shi zai riƙa gabatar da shirin. Kai ka koma rubutu da haɗa sauti."

"Malam, laifin me na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. Ya fi ka murya."

Da ma ya ce na yi laifi, da na san abin da zan gyara. Shekara biyar ina riƙe da makirfon nan. Na fito raina a ɓace, na yi mako guda ba na amsa gaisuwar yaron da kyau. Shi kuwa kullum sai ya rusuna ya ce, "Yaya, ina kwana," ni kuma in ce "lafiya" ina kallon wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutun Zanetti da na ɓata wata guda a kansa, shi zai karanta, sunansa za a ji.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa a ofis ba. Rubutun cike yake da sunaye masu karya harshe. A al'adar aikinmu, mai rubutu yakan rubuta wa mai karatu yadda ake furta irin waɗannan a gefe. Na yi niyyar in bar su haka, in zauna bayan gilashi in ji yadda mai muryar zai yi da Poborský da Helsingborg.

Ina cikin wannan hali na iso 2006 a binciken. A shekarar Inter ta sayo Maicon, ɗan Birazil, daga Monaco. Mai tsaron baya ne ta dama, wato daidai gurbin da aka fi sanin Zanetti da shi. Ya fi shi gudu, ya fi shi kai hari, ya fi shi cin ƙwallo, kuma ya fi shi ƙuruciya da shekara takwas. Zanetti yana da shekara 33, shi ne kyaftin, ya fi shekara goma a gidan. Irin wannan ne ke raba ɗakin sauya kaya gida biyu. Abin da ya faru shi ne Maicon ya riƙe dama, Zanetti ya koma tsakiya. Idan an rasa mai tsaron baya ta hagu, ya koma hagu. Idan Maicon ya ji rauni, ya dawo dama. Roberto Mancini ya yi ta juya shi haka, José Mourinho ya zo a 2008 ya ɗora. Na lura da wani abu a wasannin wannan lokaci: sau da yawa idan Maicon ya ruga gaba, wanda ke zamewa ya toshe ramin da ya bari shi ne mutumin da aka karɓe wa gurbin.

Ba zan ce na karanta wannan sai zuciyata ta yi fari nan take ba. Haushi ma ya fara ba ni, na ce wannan ai ba mutum ba ne, waliyyi ne, ni ina ruwana da waliyyai. Abin da ya sauko da ni wani tsohon faifai ne na 1997. Wasan ƙarshe na Kofin UEFA, Inter da Schalke ta Jamus, karawa ta biyu a San Siro, filin Inter. An yi ƙarin lokaci, ana dab da zuwa bugun fenareti, sai Roy Hodgson ya cire Zanetti ya sa Nicola Berti. Saurayi ɗan shekara 23 ya fito yana huci, ya tasar wa kocinsa a gaban dubban mutane, sai da aka shiga tsakani. Inter ta sha kashi a fenaretin. Na maimaita wurin ya fi sau biyar. Ashe yana da zuciya. Ashe shi ma an taɓa cire shi ya ji kamar ƙasa ta tsage. Haƙurin da ake ba da labari ba da shi aka haife shi ba, koya ya yi, kuma tsakanin wancan dare da zuwan Maicon shekara tara ce. Jan kati biyu kacal ya karɓa a duk zamansa na Inter, ɗaya a 1999, ɗaya a Disamban 2011. Ga mai tsaron baya a Italiya, wannan ba sanyin hali ba ne, linzami ne.

A daren na buɗe rubutun na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ina rubuta furucinsu a gefe.

Labarin 2010 kowa ya san shi, ba sai na ja ba. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, Inter ta doke Barcelona ta Guardiola 3-1 a San Siro, Zanetti yana hagu, ɓangaren da Messi ya saba ɓullowa. A karawa ta biyu a Camp Nou, filin Barcelona, aka kori Thiago Motta tun kafin rabin awa, suka yi fiye da awa guda da mutum goma, har Samuel Eto'o ya koma tsaron baya, aka ci su 1-0 suka wuce. Suka ɗauki Kofin Italiya a hannun Roma, suka ɗauki Serie A a Siena, sannan ranar 22 ga Mayu a Madrid suka doke Bayern Munich 2-0, Diego Milito ya ci duka biyun. A wasan ƙarshen Zanetti a tsakiya ya buga, saboda an dakatar da Motta. Wasansa na 700 ke nan a Inter, yana da shekara 36. Rabon ƙungiyar da wannan kofi tun 1965, kuma ita ce ta farko a Italiya da ta haɗa ukun a kaka ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya zo tare da wannan. A daidai lokacin, Diego Maradona, kocin Ajantina, ya fitar da sunayen waɗanda za su je Gasar Kofin Duniya a Afirka ta Kudu, babu Zanetti, babu abokin wasansa na Inter, Cambiasso. Karo na biyu ke nan a jere, don José Pékerman ma ya bar shi a gida a 2006. A wasan farko da Najeriya, Jonás Gutiérrez, wanda ɗan wasan gefe ne, shi aka sa tsaron baya ta dama. Jamus ta yi waje da su da ci 4-0. A ganina Maradona ya tafka kuskure, kuma ba na jin akwai mai kallon ƙwallo da hankali da zai ce ba haka ba. Amma abin da na ɗauka a nan ya fi ɗaci: kana iya yin aikinka babu aibi, a shekarar da ka fi kowace shekara kyau, mai zaɓe ya duba ya tsallake ka. Da ina ganin ƙwazo bashi ne da dole a biya ka. Ba haka ba ne. Wani lokaci ana biya, wani lokaci mai riƙe da biro yana da nasa lissafin.

Kada a ce na haɗiye labarin duka ba tauna. Akwai wurare biyu da na tsaya. Na farko kofin Serie A na 2005-06, wanda ake lissafawa cikin biyar da ya ɗauka. A fili Inter ta uku ta ƙare. Badaƙalar Calciopoli, wato maguɗin zaɓen alƙalan wasa, ce ta sa aka ƙwace kofin daga Juventus, aka rage wa Milan maki, aka miƙa wa Inter a ofis. Haka na rubuta shi a shirin, ban yi masa kwalliya ba. Son da na fara yi wa mutumin ya so ya sa in sassauta, kuma a nan na gane cewa mai bincike ya fi shiga haɗari lokacin da ya fara ƙaunar wanda yake bincike a kansa.

Na biyu shi ne zancen riƙon amana. Shi da kansa ya sha faɗa cewa Real Madrid ta neme shi ya ƙi tafiya. Masu gidan aiki suna son irin wannan labari ƙwarai, don yana musu daɗin ba wa ma'aikata. Amma a duba ɗaya gefen. Moratti ya riƙe shi da daraja, ana biyansa haƙƙinsa, da ya yi ritaya aka jingine lamba 4 ba mai sake sa ta, aka ba shi mataimakin shugaban ƙungiya. Amanar hannu biyu ce. Wanda ake riƙe wa albashi wata da watanni, ko ake taka shi don an ga ba ya magana, kada a kawo masa Zanetti a ce ya yi koyi. Ronaldo da ya tafi bai yi zunubi ba. Ni abin da na ɗauka ba "kada ka tafi" ba ne. Matuƙar kana nan, to ka kasance kana nan, har da ranar Litinin.

Akwai wata ƙaramar gaskiya da ta fi burge ni fiye da daren Madrid. A Satumban 2011 ya karya tarihin Giuseppe Bergomi na wanda ya fi kowa buga wa Inter wasa, 756. Ranar da ya buga na 757, Novara, wadda ta hauro daga rukuni na biyu, ta ci su 3-1, washegari aka kori koci Gasperini. Ko ranar tarihinsa ba ta zo masa a ranar biki ba.

Da na kai wa editanmu sabon rubutun, shekaru bakwai ɗin nan sun ci minti goma sha ɗaya cikin talatin. Kofuna ukun 2010 minti huɗu na ba su. Ya karanta a zaune wannan karon. Bai yaba ba, don ba ya yabo. Ya ce in rage sunayen kocin, sun yi yawa ga kunne, ya miƙo mini.

Ranar ɗauka ina bayan gilashi, hannuna a kan na'ura. Yaron ya shiga, ya buɗe takardun, ya ga rubutun da ke gefe, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, na gode." Na ce ya matsa kusa da makirfo. Gaskiyar Malam ce, ya fi ni murya. Wurin 5 ga Mayu ya sassauta ta yadda ni ban taɓa iyawa ba, har na manta ni na rubuta. Bayan an watsa shirin wasu sun kira suna ƙorafin mun gajarta 2010, wani kuma ya ce mun ci mutuncin kofin 2006.

Mun yi gardama da yaron a kan inda za a rufe. Shi yana son a rufe da ɗaga kofi a Madrid, ko da bankwanan da aka yi masa a San Siro a Mayun 2014. Ni na nace a kan wani wasa da ba mai tunawa da shi. A ƙarshen Afrilun 2013, a Palermo, agarar ƙafarsa ta tsinke. Yana da shekara 39, ya ci duk abin da ake ci, ba wanda zai zarge shi in ya ce ya isa haka. Aka yi masa aiki, ya yi wata shida yana jinya da atisaye. A Nuwamba, yana da shekara 40, ya tashi daga benci saura 'yan mintuna a tashi wasa da Livorno, ƙungiyar da ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. Shi ne wasan ƙarshe na Moratti a kujerar shugaban ƙungiya, mutumin da ya sayo shi shekara 18 da suka wuce. Ya karɓi ƙwallo, ya ɗan sunkuya, ya ja ta ya yi gaba. Inter ta ci 2-0. A kakar ta biyar ta ƙare, ba kofi ko ɗaya.

Da wannan muka rufe shirin, na ɗaga wa yaron hannu, na kashe makirfo.